Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Babban Hafsan Tsaro Da Kwamandan NDA: A Koya Wa Yaranmu Faɗin "A Dakata"

Assalamu alaikum.

Ranku ya daɗe, ina gaishe ku gaisuwar ƙaramin soja ga manyansa, tare da addu'ar Allah ya taya ku riƙon wannan nauyi. Ni tsohon samanja ne. Na yi aikina a sashen sadarwa har na cika shekara 35 na ajiye kaki, yanzu ina zaune a Jos inda aka yanke mini cibiya. Lokacin da nake cikin kaki ba ni da ikon rubuto muku kai tsaye, sai takarda ta bi ta hannun na gaba da ni, shi ma ya miƙa wa na gaba da shi. Yau da nake farar hula na ga gara in faɗi abin da ke cina a bainar jama'a, domin maganar ta shafi iyayen da suka ba ku 'ya'yansu, ta kuma shafi mutanen ƙauye da ba za su taɓa taka ofisoshinku na Abuja ba.

Ɗan ƙanena yana NDA, makarantar horar da hafsoshin soja da ke Kaduna, saura masa shekara biyu a ɗaura masa tauraro. Da ya zo hutu, cikin sanyin nan namu mai shiga ƙashi, muna zaune a ƙofar gida bayan isha'i da kaskon gawayi a tsakaninmu, sai ya ciro waya ya ce, "Baffa, zo ka ga yaƙin zamani." Hoton bidiyo ne daga yaƙin Yukiren. Jirgi maras matuƙi yana shawagi a sama, ga wata mota a ƙasa tana tafiya, sai na'ura ta zana mata ɗan akwati ja, ta rubuta lamba a gefe. Ya ce mini wannan lambar tabbacin na'urar ce, tana cewa kashi 90 cikin 100 motar abokan gaba ce. Idonsa sai ƙyalli yake yi. Na tambaye shi, in da kai ne a kan kujerar, me za ka yi? Bai ko ja numfashi ba ya ce, "Ai Baffa, 90 ta isa." Na ce to, ragowar goman nan, su waye a cikinta? Ya yi shiru yana juya gawayi da tsinke.

Yaron kirki ne, mai kaifin kai, mai tsoron Allah. Abin da ya hana ni barci a daren nan ke nan. In mai hankali irinsa ya ba da wannan amsa cikin sauri haka, to akwai abin da ba a riga an koya musu ba.

Kada ku ɗauka tsoho ne yake kukan zamani ya wuce shi. Na ga ranar da muka bar rubuta saƙo da fensir muka koma kwamfuta, na kuma ga rayukan da hakan ya ceta. Na san ISWAP, ƙungiyar da ta ɓalle daga Boko Haram, ta riga ta fara ɗaura wa ƙananan jirage marasa matuƙa abin fashewa tana jefa wa sansanonin sojojinmu a Borno, jiragen da ake saye a kasuwa don ɗaukar hoton biki. Sojan da ya ƙi koyon ƙirƙirarriyar basira, wato AI, irin wadda ta zana akwatin nan ja, a yau kamar wanda ya fita da kwari da baka ne ya tari mai igwa. Dole yaranmu su koya, kuma su ƙware. Damuwata ita ce me za a koya musu game da ita, kuma wane irin hafsa za ku sa a gabanta.

Bari in faɗi yadda na fahimci abin, da bakin wanda ya ƙare rayuwarsa a gaban na'ura. Ita wannan basira ba ta san mota ba, ba ta san mutum ba. Dubban hotuna aka tara mata, mutane suka zauna suka yi wa kowanne alama, wannan tankar yaƙi ce, wannan motar asibiti ce, wannan mutum ne da bindiga. Daga nan ta koyi kamanni. In ta ce kashi 90, abin da take nufi shi ne abin ya yi mata kama sosai da waɗanda aka nuna mata. In abin da ke ƙasa bai taɓa shiga cikin hotunan da aka koya mata da su ba, ba za ta ce ban sani ba, za ta laƙaba masa sunan abin da ya fi kusa da shi, kuma ta faɗa da ƙarfin gwiwa.

Ga wani lissafi da nake so kowane kadet, wato ɗalibin NDA, ya iya shi kamar sunansa. A ɗauka, misali, babura 1,000 ne suka bi wata hanyar daji a yini guda, goma daga ciki na 'yan bindiga ne. A ɗauka na'urar tana yin daidai sau 90 cikin 100, ko a kan mai laifi ko a kan maras laifi. Za ta kama tara daga cikin goman nan, madalla. Amma cikin babura 990 na talakawa za ta yi wa 99 jan akwati. Ke nan babura 108 ta nuna wa hafsa, tara ne kawai na gaskiya. Sauran kuwa ɗan acaɓa ne, da mai kai mara lafiya asibiti, da malamin makaranta, da mai kai dankali kasuwa. Na'urar ba ta lalace ba, aikinta ta yi yadda aka ƙera ta. Hafsan da bai san wannan lissafi ba zai kashe bayin Allah yana ganin ya bi ƙa'ida.

Ranku ya daɗe, ba sai mun je wata ƙasa neman darasi ba. Daren 3 ga Disamba 2023 mutanen Tudun Biri suna taron Mauludi, jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya sakar musu bam. Hukumar ba da agajin gaggawa, NEMA, ta ce an binne mutum 85, wasu ƙungiyoyi sun ce adadin ya haura haka. Rundunar ta amsa laifi, marigayi Janar Taoreed Lagbaja ya taka da ƙafarsa ya ba su haƙuri, kuma na girmama shi a kan hakan. Kafin nan akwai Rann a Jihar Borno, 17 ga Janairu 2017, inda jirgin yaƙi ya yi wa sansanin 'yan gudun hijira ruwan bam, har da ma'aikatan agaji cikin mamatan, daga baya aka ce ba a yi wa wurin alamar da ta dace ba. Ban ce ƙirƙirarriyar basira ce ta yi waɗannan ba. Mutane ne suka kalli taro daga sama suka yi masa fassarar da ba ita ba. To yanzu a ƙara musu na'urar da za ta zana jan akwati ta rubuta 90 a gefe, ta kuma rage lokacin shawara daga awa guda zuwa minti biyu. Wanda dama zuciyarsa ta karkata ya samu mai tabbatar masa.

Ko Amurka, da duk kuɗinta da taurarin ɗan'adam ɗinta, ranar 29 ga Agusta 2021 ta bi wata farar mota a Kabul na tsawon awanni, ta ga ana loda mata jarkoki, ta yanke cewa abin fashewa ne. Ruwan sha ne ma'aikacin agaji yake kai wa gidansa. Mutum goma suka mutu, bakwai yara ne.

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ni ɗan Filato ne, bari in gaya muku abin da ido daga sama zai gani a ƙasarmu. Zai ga Bafulatani ya saɓa sanda a kafaɗa ya rataya hannuwa a kai, kuma a kyamarar da ke ganin zafin jiki da dare, wannan sanda da bindiga ba su da wani bambanci mai yawa. Zai ga masu haƙar kuza a Barikin Ladi sun taru bakin rami da tocila da tsakar dare. Zai ga manoman dankali a Bokkos sun fito ban ruwa tun kafin asuba. Zai ga babura talatin a jere suna gudu cikin duhu da fitilu a kunne, ashe rakiyar amarya ce. Zai ga mafarauta cike da mota da bindigogin gargajiya, da 'yan banga da gari ya ɗauka su tsare shi, da masu kwana a coci suna addu'a a daren sabuwar shekara. Wanne daga cikin waɗannan ke cikin hotunan da aka koya wa na'urar da aka ƙera a Sin ko Turkiyya ko Amurka?

Akwai ranar da nake yawan tunawa. A watan Yunin 2018, lokacin da aka far wa ƙauyukan Barikin Ladi, Malam Abubakar Abdullahi, limamin Nghar, ya buɗe masallacinsa da gidansa ya ɓoye Kiristoci sama da 200, ya tsaya a ƙofa ya hana a shiga. A ce a wannan yammacin akwai jirgi a sama. Me zai aiko? Ana kashe-kashe a gari, ga ɗaruruwan mutane suna kwarara cikin masallaci guda, ga masu makamai sun kewaye wurin suna magana da limami. Na'urar da ta koyi kamanni za ta iya cewa ga matattarar maharan nan. Sai hafsan da ya san cewa a ƙasar nan akwai irin wannan dattijo ne zai tsaya ya ce a bincika tukuna.

Sai batun harshe, wanda shi ne fagena. Na shafe darare da abin sauraro a kunne, na san yadda kalma ɗaya ke juya saƙo. Yanzu ana maganar na'ura za ta saurari dubban kiran waya ta fassara, ta tace, ta fitar da masu haɗari. To mutum ya ce wa ɗan'uwansa, "Gobe da ni da yara za mu ci kasuwar Mangu." Kowane Bahaushe ya san sayayya za su je. Amma wannan "ci" ɗin shi ne dai na cin gari da yaƙi, kuma "yara" a bakin ɗan bindigar daji mayaƙansa yake nufi. Mu muna kashe kuɗi, muna kashe aure, muna kashe ƙishirwa, muna buga waya. Wannan Hausa ce kawai, wadda ta fi sauran yawan rubutu a intanet. Ina Fulatanci, ina Barbarci, ina Larabcin Shuwa? A Filato kaɗai harsuna sun haura 40, Berom da Ngas da Mwaghavul da Tarok da Irigwe da Ron da sauransu, yawancinsu ba su da wani abin kirki a rubuce da na'ura za ta koya daga gare shi. Ga shi 'yan bindiga ba sa kiran abu da sunansa, kullum cikin zaurance suke, kuma suna canza shi. Kadet ɗin da zai yi aiki da fassarar na'ura ya kamata ya taɓa ganin ta kwafsa a harshen uwarsa, da idonsa, domin ya san yadda za ta kwafsa a harshen da bai iya ba.

Wani abin da mu mutanen Jos muka fi kowa sani shi ne yadda ake yanke wa mutum hukunci da sunansa ko da suturarsa. Mun gani a Satumbar 2001, mun gani a 2008 da 2010. An yi Dogo Nahawa, an yi hanyar Rukuba a Agustan 2021 inda aka tare matafiya masu dawowa daga zikiri a Bauchi. Kowane ɓangare yana da kabarin da yake kuka a kai. Na'ura kuwa daga rahotannin da aka tara take koyo, rahotannin kuma mutane ne suka rubuta su, wasu da gaskiya, wasu da ƙullin gaba, wasu don rikicin gona ko na sarauta. In aka zuba mata rahoton shekara ashirin da ke cewa duk ɓarna ta ƙabila kaza ce, za ta haddace ƙiyayyar nan ta dawo mana da ita a matsayin sakamakon bincike, da lambobi a gefe. Kuma babu wanda zai zarge ta da son kai, sai a ce ai kwamfuta ce ta faɗa. Wannan ya fi ba ni tsoro fiye da bam.

Yanzu in zo kan abin da ya fi wuya, domin ya taɓa tarbiyyarmu ta soja. Abin da aka fara cusa mini a Zariya ina kurtu shi ne ka bi umarni tukuna, ƙorafi daga baya. Ban raina wannan tarbiyya ba, ita ce ke riƙe soja a ramin tsaro lokacin da jikinsa ke ce masa ya gudu. Amma mutumin da aka horar ya bi na gaba da shi ba musu, ranar da aka ajiye masa na'urar da manya suka sayo da maƙudan kuɗi suka ce ta fi mutum gani, to ya samu sabon oga. Zai ƙame mata kamar yadda yake ƙame wa kanar. Zai kuma lissafa a ransa cewa in ya bi na'ura aka yi kuskure, laifin na'ura ne, in ya saɓa mata aka yi asara, wuyansa ne. Kowane ƙaramin hafsa zai iya wannan lissafin ba tare da an koya masa ba, kuma ku kaɗai ne ke da ikon sauya shi.

Na taɓa ganin hafsan da ya ƙi wannan lissafi. A wata ƙasa da aka tura mu aikin kiyaye zaman lafiya, ina riƙe da oba-oba a wani shinge bakin gada. Wajen ƙarfe biyu na dare saƙo ya zo cewa mayaƙa suna tahowa ta hanyarmu, duk abin da ya motsa a buɗe masa wuta. Ba a jima ba muka ji takun ƙafafu da yawa, muka ga duhun mutane ɗauke da kaya a ka. Yatsun kowa na kan kunama. Laftanan da ke tare da mu yaro ne, bai fi shekara biyu da fitowa daga Kaduna ba. Ya ɗaga hannu ya ce a dakata. Muryar da ke cikin oba-oba tana ta daka mini tsawa in gaya masa umarni ne, ni kuma ina maimaita masa, gumi na zuba a bayana. Ya ce, "Kofur, saurara. Mayaƙa ba sa tafiya da jariri." Sai a lokacin na ji kukan, siriri, can cikin duhu. Ya sa aka harba fitilar sama. Mata ne da tsofaffi sun fi hamsin, da tabarmi da tukwane a ka. Washegari faɗa aka yi masa, ba yabo ba. Har yau in na ga jikokina suna barci nakan tuna hannun nan da ya ɗaga.

Irin wannan ya faru a inda abin da ke kan faranti ya fi gada girma. Daren 26 ga Satumba 1983, na'urar gargaɗi ta Tarayyar Sobiyet ta nuna cewa Amurka ta harbo makami mai linzami, sannan ta ƙara nuna wasu huɗu. Hafsan da ke bakin aiki, Laftanar Kanar Stanislav Petrov, ya yi tunanin cewa wanda zai fara yaƙin nukiliya ba zai fara da guda biyar ba, ya sanar da manyansa cewa ƙararrawar ƙarya ce. Ashe hasken rana ne ya daki gajimare ya ruɗi tauraron ɗan'adam. Abin lura a nan shi ne Petrov injiniya ne, ya san cikin na'urar, ya san inda take da rauni. Iliminsa ne ya ba shi ƙarfin zuciyar yi mata musu. Shi ma ba a ba shi lada a lokacin ba.

Gaskiya ta sa in faɗi ɗaya gefen. A Yulin 1988 jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Vincennes ya harbo jirgin fasinjan Iran, mutum 290 suka hallaka. A can na'urar ta nuna daidai, cewa jirgin sama yake ƙara yi, mutanen da tsoro ya cika ne suka karanta cewa saukowa yake yi ya kai musu hari. Don haka ba ina cewa a koya wa yara raina na'ura ba. A koya musu su san lokacin da ita ke ɓata, da lokacin da su ne tsoro ko fushi ya rufe musu ido.

Abin da nake roƙo ke nan, ranku ya daɗe. Kadet na yin shekara biyar a NDA. Kada a bar wannan ilimi ga 'yan sashen kwamfuta kaɗai, domin wanda ya karanta tarihi ko siyasa shi ma rundunar zai jagoranta, shi ma allon za a ajiye masa. Kowannensu ya zauna da hannunsa ya koya wa ƙaramar na'ura bambance hoton sanda da na bindiga, ya ga yadda take faɗuwa in hazo ya sauko ko in rana ta karkata. Sannan a atisaye, a riƙa sa na'urar ta yi musu ƙarya da gangan ba tare da an gaya musu ranar ba. Wanda ya gano ya ce a dakata, a ba shi maki mafi girma, a kira sunansa a fareti kowa ya ji. Wanda ya danna don lamba ta ce 90, a zaunar da shi a nuna masa su waye a cikin akwatin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In ba su saba faɗin kalmar nan a Afaka, inda NDA take, ba, bakinsu ba zai iya furta ta a Zamfara ba, ga kwamanda yana huci a waya.

Mun saba ganin 'yan shekarar ƙarshe ana kawo su duwatsun Shere nan bayan garinmu suna koyon taswira da juriya. Don Allah kada zuwan sababbin kaya ya sa a rage wannan. A Yukiren kowane ɓangare yana toshe wa ɗan'uwansa siginar tauraron ɗan'adam, yana ruɗa masa na'urar nuna hanya. A dajin Sambisa ko na Kamuku batir na mutuwa, sabis na ɗaukewa, ƙura na shiga ko'ina. Hafsan da in allo ya mutu shi ma ya mutu, bai cancanci a ba shi 'ya'yan mutane talatin ba. A bar su kwana da kwanaki a kan dutse da taswira da kamfas kawai, su tambayi mai kiwo hanya, su koyi gaishe da mai unguwa.

Kuma horar da yara kaɗai ba zai wadatar ba. Laftanan da ya fahimci raunin na'ura zai fita ya tarar da kanar ɗin da bai fahimta ba, kuma kanar ne mai magana ta ƙarshe. Kwalejin horar da manyan hafsoshi ta Jaji tana nan tun 1976, Kwalejin Tsaro ta Ƙasa da ke Abuja tun 1992, ga cibiyar nazarin manufofi da dabaru ta Kuru a nan kusa da mu tun 1979. Manya su ma su koma aji a kan wannan. Haka sajan-sajan da samanjoji, domin su ne ke tsaye kusa da ƙaramin hafsa lokacin da abu ya rikice, kuma sau da yawa kallon da tsohon saje ya yi masa ne ke sa ya sake tunani.

Ina kuma so a nuna wa yaran nan cewa amfanin wannan fasaha bai tsaya a kan harbi ba. Abin da ya fi ci wa soja tuwo a ƙwarya a daji shi ne mai ya ƙare, abinci bai iso ba, mota ta lalace babu kayan gyara, wanda aka harba ya zubar da jini kafin a ɗauke shi. A nan na'ura za ta yi aikin da babu jinin kowa a ciki: ta hango injin da ke shirin lalacewa, ta lissafa man da bataliya za ta sha, ta duba hoton hanya ta nuna inda aka tona ƙasa aka binne bam. A jajibirin Kirsimetin 2023 an kashe mutane sama da 100 a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi, kuma waɗanda suka tsira sun yi ta kukan cewa sun kira, agaji bai zo da wuri ba. Na'urar da za ta tattara irin waɗannan kiraye-kirayen ta nuna wa kwamanda cikin minti biyar cewa ƙauyuka goma ne ke ci da wuta lokaci guda, ga hanya mafi kusa, ita nake so yaranmu su fara ƙwarewa a kai.

Kayan aro ba ya rufe katara. A 2014, muna tsakiyar yaƙi da Boko Haram, Amurka ta hana a sayar mana da jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra. Jirgi ma ke nan, wanda in ka saya ya zama naka. Ita manhaja kullum igiyarta na hannun maƙerinta, shi ke sabunta ta, shi ya san abin da ya zuba a ciki, yana iya sanin abin da kake kallo da ita. Muna da abin farawa. Injiniyoyin sojan sama a Kaduna sun ƙera jirgi maras matuƙi mai suna Gulma a 2013, suka ƙera wani mai suna Tsaigumi aka ƙaddamar a 2018. Ga AFIT, cibiyar fasaha ta sojan sama, ga DICON, kamfanin ƙera makamai na ƙasa, da ke nan tun 1964, shekarar da aka kafa NDA kanta, ga Hukumar Tsaron Sararin Samaniya, ga cibiyar ƙirƙirarriyar basira ta hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, NITDA, a Abuja, ga matasa a Jami'ar Jos da ta Zariya da ta Maiduguri da ke jin harsunan da ake yaƙin a cikinsu. A haɗa kadet da su tun suna makaranta, su tara hotunan ƙasarmu da muryoyin mutanenmu, bisa doka da kiyaye sirrin jama'a. Kuma waɗanda suka raɗa wa jiragen nan suna sun yi hikima. Gulma da tsegumi labari ne da aka kawo maka, kuma babu alƙalin kirki da ke yanke hukunci a kansu sai ya bincika.

Batun alhaki kuwa, ba baƙo ba ne a rundunarmu. A 1967, ana tsakiyar shiga yaƙin basasa, Janar Yakubu Gowon, ɗan wannan jiha tamu, ya fitar da ƙa'idojin aiki da suka hana taɓa mata da yara da asibitoci da wanda ya miƙa wuya. Najeriya ta amince da yarjejeniyoyin Janiba da ƙarin da aka yi musu a 1977, wanda sashe na 36 a cikinsa ya wajabta wa ƙasa ta binciki duk sabon makami kafin ta fara aiki da shi. A Disambar 2023 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙudurinsa na farko kan makaman da ke zaɓar wanda za su kashe da kansu, a Afrilun 2024 kuma ƙasashen ECOWAS suka zauna a Firitawun kan maganar. Ina roƙon ku rubuta wa rundunarmu tata ƙa'idar, gajera, da harshen da kofur zai gane: ba a ɗaukar ran mutum sai wani hafsa mai suna da lamba ya duba ya amince, a rubuta abin da na'ura ta ce, da abin da shi ya gani, da dalilin da ya sa ya yarda ko ya ƙi. A kuma rubuta a ciki cewa wanda ya dakata da kyakkyawan dalili ba za a hana shi ƙarin girma ba. Na'ura ba ta zuwa kotun soja, ba ta zuwa ta'aziyya, ba za ta tsaya gaban Allah ba.

A 2024 hedikwatar tsaro ta ce an kammala binciken Tudun Biri, kuma mutum biyu za su gurfana gaban kotun soja. Abin da binciken ya gano, matakin da aka tsallake, wanda ya yi shakka aka ƙi saurarensa in akwai shi, duk wannan ya kamata ya zama darasi a aji, a cire sunaye in ya zama dole. Ɓoye shi ba zai kare mutuncin kaki ba.

Roƙona na ƙarshe ba ya bukatar kasafin kuɗi. Tudun Biri tana ƙaramar hukumar Igabi. Afaka ma a Igabi take, Jaji ma haka. Tafiyar mota ce ba mai nisa ba. Kafin a ɗaura wa kowane rukuni tauraro, a nemi izinin mutanen garin, in sun yarda a kai yaran nan, ba da bindiga ba, ba da 'yan jarida ba. Su cire hula su zauna a tabarma, su saurari uwar da ta tsinci 'ya'yanta a filin Mauludi, su je su tsaya bakin kabarin su yi addu'a, kowa da addininsa. Ɗan ƙanena yana cikin waɗanda za su fito nan da shekara biyu, ina so a sa sunansa a motar farko.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya kare sojojinmu a duk inda suke, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Naku cikin girmamawa,
Tsohon samanja, sashen sadarwa,
Jos, Jihar Filato.